Wuƙar Baba a Shafin Farko

Na daɗe ban ji ƙarar washin wuƙa da asuba ba. Abin da ke biyo bayan kiran salla yanzu a garin nan shi ne hon na manyan motoci daga wajen Upper Iweka, da kukan okada, da rediyon maƙwabcina wadda tun da aka shiga kakar zaɓe bai kashe ta ba, wasu ƙarti biyu na ta zagin juna a cikinta wai su masu sharhi ne. Anachar da na tashi a cikinta ba haka take farkawa ba. Ana idar da sallar asuba sai mahauta su jeru a ƙofar kwata, kowa da dutsensa da 'yar ƙwaryar ruwa, ka ji shau, shau, shau, kamar mata ashirin na shara a tsakar gida ɗaya. Shanu na kuka a turke, ramammu, sun sha tafiyar ƙafa daga Arewa. Matan Ibo masu sayar da abinci suna tsaye da darukansu suna jira, ungulaye sun cika rufin kwano. A lokacin ba a gina gada a kan Kwara ba, jirgin fito ne ke ƙetarar da mutane, mu kuwa 'yan unguwar Hausawa ba mu yi yawan da za a ce wani bai san wani ba. Duk baƙon da ya sauka da buzu a kafaɗa, kafin la'asar an san garinsu, an san gidan da zai kwana.

Wata jikata ce ta tono mini wannan zamani, wadda nake tsokana da amaryata. Karatun aikin jarida take yi a jami'a a Inugu, ba da son raina ba. Ta zo hutu tana gyara mini adaka, sai ta ci karo da wata takarda da ta yi ja don tsufa, an yanko ta daga jarida. Hoton wani dattijo ne, rigarsa jina-jina, ya ɗaga wuƙa sama, bakinsa a buɗe, ga mutane a bayansa su ma da wuƙaƙe. Ta ɗago ta tana dariya ta ce, "Alhaji, wannan wane ɗan ta'adda ne ka ɓoye a cikin kayanka?" Na san wasan jika take yi mini, amma sai da na nemi wuri na zauna. Na ce mata, "Kakan babanki ne. Dariya yake yi."

Baba mahauci ne, ɗan mahauci. Ya baro ƙasar Kano yana saurayi, ya tsufa a Anacha, yana jin Ibo daidai na ciniki da gaisuwa. Ba a naɗa shi sarautar komai ba, amma in ya yi magana a kwata ba mai ƙarawa. Mutum ne mai sanyin magana, har yakan ba ni haushi, don kafin ya ba ka amsa sai ka ɗauka ya manta da kai. Abin da na fi tunawa da shi shi ne yadda yake karɓar labari. A wancan zamanin labarin gida da ƙafa yake zuwa, a bakin fatake da masu koro shanu. Baba zai shimfiɗa wa mutum buzu, a ba shi ruwa, a gaisa gaisuwa mai tsawo, a tambayi damina da iyali da gajiyar hanya, sannan baƙo ya fara. Da ya faɗi wani abu mai nauyi sai Baba ya tare shi: "Kai ka gani, ko gaya maka aka yi?" In ya ce gaya masa aka yi, sai ya ce, "Wa ya gaya maka? Ɗan wa ne?" Kowane mai kawo labari an san ma'auninsa. Akwai wani mai koro shanu da in ya ce ruwa ya ci gari, to dattawa sun san yayyafi aka yi. Ba a hana shi faɗi, amma kowa ya san abin da zai rage. Labari a lokacin yana da fuska, kuma mai shi zai dawo baɗi ku haɗa ido.

Takardun duba-gari ne suka sa Baba ya kai ni makarantar boko bayan na yi nisa a allo. Kullum a kawo takarda kwata, ba mai iya karantawa, sai an je neman wani a kasuwa. Ni kaɗai ne Bahaushe a ajinmu. Ba na gaba da boko, kada wani ya ɗauka haka, da shi na ci abinci har na tsufa. Abin da nake gaba da shi shi ne abin da aka cusa a cikinsa. Malaminmu wani saurayi ne mai farin gajeren wando da doguwar safa, Ticha kawai muke ce masa, kuma yana sona. Littattafan da aka ba mu cewa suke yi Bature ya same mu muna ta yanka juna, shi ya raba mu ya kawo zaman lafiya. Ticha yakan jefar da littafin a kan tebur ya ce ƙarya ce, a nan kuwa ya saye zuciyata. Sai dai yana kawar da ƙaryar Bature yake ɗora tasa. Akwai taswira a bango, zai ɗauki bulala ya riƙa dukan ɓangaren Arewa yana cewa ga kayan da aka ɗora mana a ka, mutanen da ba sa son 'yanci, ba sa son haske, sai abin da shugabanninsu suka ce. Duk aji sai a juyo ana kallona. Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Ba da kai nake ba, kai ka waye." Ni kuwa wawa, sai in ji kaina ya kumbura.

Da siyasa ta yi zafi, makarantar ta zama kamar ofishin jam'iyya. Da safe a jera mu a fili mu rera waƙar jam'iyyar 'yan gari kafin a shiga aji. In aka ba da insha'i, wanda ya yabi shugaban jam'iyyar shi ke da maki, ko da rubutunsa kamar tonon kaza ne. Na ga an zane wani ɗan ajinmu, Ibo ɗan'uwansu, har bayansa ya fashe jini ya ɓata masa riga, laifinsa kawai ubansa ya maƙala bajen wata jam'iyya dabam. Ba a koya mana yadda ake auna magana ba, an koya mana wanda za mu so da wanda za mu ƙi, aka ce mana wannan shi ne wayewa. Kafin in gama makarantar nan na fara jin kunyar ƙarnin da ke jikin rigar Baba. In na hango shi a hanya ina tare da 'yan ajinmu, nakan tsallaka titi. Yau ina faɗin wannan ina jin kamar in nutse.

Na gama, gemu ya fara fito mini, na zama malamin takardun kwata. Na kuma samu wani muƙami da ba wanda ya naɗa ni: mai karanta wa unguwa jarida. Bayan la'asar dattawa su taru a rumfar ƙofar masallaci, in zauna a tsakiya in buɗe ta da ƙarfi don ta yi ƙara, in karanta da Turanci a zuci in juya musu da Hausa. Kowace jam'iyya da jaridarta, abin da wannan ta ce fari ne waccan za ta ce baƙi ne. Ta 'yan gari na fi karantawa, don ita ke fitowa da sassafe, tamu ta Arewa kuwa sai ta biyo jirgin ƙasa ta Inugu ta iso da kwanaki. Baba yana zama a gefe da carbi. Da na karanto wani babban abu sai in ji muryarsa.

"Wa ya faɗa?"

"Jarida ce ta faɗa, Baba."

"Jarida ɗan wa ne? Ina gidansu?"

Dattawa su kwashe da dariya, ni kuma raina ya ɓaci. In ce, "Baba, an buga shi fa, ga shi a rubuce." Shi kuma ya ce, "To, ɗan boko. In ƙarya ya yi, ina zan same shi in kalli idonsa?" A raina nakan ce tsoho bai san duniya ta ci gaba ba.

Ana gab da babban zaɓen da aka ce daga shi Bature zai tattara nasa ya nasa, sai ga Ticha a kwata da akwatin ɗaukar hoto a wuya. Ashe ya bar koyarwa ya koma jaridar 'yan gari. Ya rungume ni, ya ce yana so ya rubuta labarin Hausawan da ke ciyar da Anacha da nama, don a nuna wa duniya cewa mu duka ɗaya ne. Farin ciki ya hana ni zama. Baba kuwa ya ƙi. Bai taɓa tsayawa gaban akwatin hoto ba a rayuwarsa, kuma bai ga dalilin farawa da furfura ba. Kwana uku ina roƙonsa, har na sa abokansa baki, kafin ya ce, "In dai don kai ne, to." Ranar da aka sa, bayan an gama yanka, ya ce a jira shi ya je gida ya yi wanka ya sa babbar rigarsa ta salla da rawani. Ticha ya ce a'a, yadda yake ɗin nan ya fi, a gan shi a bakin aikinsa. Baba ya dubi rigarsa, ya dube ni. Ni ne na ce, "Baba, su suka san aikinsu." Da bakina na faɗa.

Ban tsaya nan ba, na ƙara da tawa gwaninta: na kirawo mai kalangu don hoto ya yi armashi. Wanda bai tashi a gidan fawa ba bari in gaya masa. Kalangu kiɗan mahauta ne, kuma kowane mahauci yana da takensa da ya gada. In makaɗi ya kaɗa takenka, ba ka tsayawa hannu a sake kamar baƙo. Sai ka ɗaga abin da ke hannunka ka yi jinjina, girmamawa ce ga ubanka da kakanka da suka bar maka sana'a. Abin da ke hannun mahauci kuwa wuƙa ce. Ko yaron goye a Arewa ya san wannan ba faɗa ba ne. Makaɗi ya fara da taken wani saurayi, ya ɗaga tasa, na ga idon Ticha ya yi haske, ya ce a sake, kowa da kowa. Sai makaɗi ya juya kan taken Baba. Tsohon da ya ƙi hoto kwana uku, jin taken ubansa sai jikinsa ya saki, ya ƙyalƙyale da dariya, ya cilla barhonsa sama, samari a bayansa suka ɗaga nasu suna ihu. Na ji akwatin ya yi ƙas.

Kwana uku bayan haka na sayi jarida da safe a bakin kasuwa. Ga Baba a shafin farko, ya cika rabin shafi. A ƙarƙashinsa, da manyan baƙaƙe, an rubuta cewa 'yan Arewa mazauna Anacha sun wasa wuƙaƙe suna jiran ranar zaɓe, jam'iyyarsu ce ta ɗauke su haya, kuma sun yi rantsuwa da gangar yaƙi sai sun yanka duk wanda ya jefa wa 'yan gari ƙuri'a. Na karanta sau uku ko zai canza. Na zaga neman Ticha ban same shi ba. Kafin la'asar labari ya cika unguwa cewa Baba ya fito a jarida. Na tarar da rumfa ta cika maƙil, har da waɗanda ba sa zuwa. Aka karɓe ta daga hannuna ana miƙa wa juna, kowa na neman fuskarsa. Baba ya riƙe ta nesa da idonsa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe haka nake da ƙaton hanci ba wanda ya gaya mini." Aka yi dariya. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Karanta mana, ɗan boko. Me suka ce?"

Na dubi baƙaƙen nan, na dubi fuskokin dattawa. Kunya ta kama ni. Ni na kawo Ticha, ni na hana a sa riga, ni na kira makaɗi, yanzu kuma in buɗe baki a gaban unguwa in ce ga abin da malamina ya yi mana? Na ce wa zuciyata gobe wata jarida za ta fito, wannan kuma a ƙunshe ƙosai da ita, a manta. Sai na gyara murya na ce, "Sun ce mahautan Anacha mutanen kirki ne masu ƙwazo, su ke ciyar da gari." Aka yi ta madalla. Na jira Baba ya ce wa ya faɗa. Ranar kaɗai ce bai tambaya ba. Cewa ya yi, "Ka gode wa malaminka."

Washegari aka wasa wuƙaƙe kamar kullum, aka kayar da sa biyu, rana ta fito, amma ba mace ko ɗaya da daro a ƙofar kwata. Ana cikin mamaki sai ga Mama da gudu. Mama wata mai sayar da abinci ce da ke da rumfa a bayan kwata, ta fi shekara ashirin tana sayen kayan ciki a wurin Baba. Ta zo hannu biyu, ba daro, ɗankwali a hannu tana haki.

"Malam! Una still dey here? Ba ku ga takarda ba? Suna zuwa! Yaran jam'iyya, mota biyu, tun safe ana karanta takarda da lasifika a tasha!"

Baba ya juyo a hankali ya dube ni. "Kai. Me takardar ta ce?"

A gaban mahauta duka na faɗi abin da ta ce, kalma kalma. Na so ya mare ni, bai mare ni ba.

"Jiya ka san haka?"

"Na sani, Baba."

Ya ce, "To. Kai ma ka iya aikin."

Samari suka yi kan wuƙaƙe da gatura, ran maza ya ɓaci, wani na cewa wallahi yau sai dai a yi ta ta ƙare. Ku tuna su wane ne: mutum kusan ashirin da kullum suke datsa ƙashin sa da sara ɗaya. Da an bar su, da gawa ta tare titi. Baba ya jawo ɗanyen ƙirgin san da aka feɗe ya shimfiɗa a ƙasa, ya fara jefa barhonsa a kai, ya ce kowa ya zuba tasa. Aka yi masa gardama, abin da ba a taɓa yi ba. A ranar na fara jin ya ɗaga murya. Ya ce, "An ce mun wasa wuƙa don mu yanka mutane. In ɗayanku ya tsaga ko da yatsan wani yau, takardar nan ta zama gaskiya har abada, kuma matanku da 'ya'yanku da ke unguwa su za a bi. Ku zuba!" Suka zuba, wasu na hawaye don takaici. Ya ɗaure ƙirgin da igiyar turke ya ɗora mini a ka. "Kai ka jawo, kai za ka ɗauka. Kai shi bakin ruwa. Kada ka kwance." Ya ce sauran su bi ta baya su koma unguwa su rufe ƙofofi. Shi ya ce ba inda za shi, shanun da ke turke amanar mutane ce, kuma fuskarsa ake nema, in ba a same ta a nan ba za a je nemanta a unguwa.

Ban kai bakin ruwa ba. Ina zagayawa baya na ji sun iso, Mama ta fizge ni cikin rumfarta ta tura ni bayan itacen girki. Ta ɓular kwano na ga kome, da rana tsaka, ba abin da ya ɓoye mini. Da waƙa suka zo, waƙar nan da muke rerawa a filin makaranta, na san kowane baiti nata. Suna riƙe da kulake da adduna da kwalabe da ƙarafan mota, wasu da jaridar a hannu. Na gane mutum biyu da muka zauna benci ɗaya a aji. Baba na tsaye a ƙofar kwata, ya buɗe tafukansa biyu, ya gaishe su da Ibo. Wani ya matso ya kara jaridar kusa da fuskarsa, ya juya ya yi ihu, "Na him! Shi ne!" Dutse ya fara samunsa a goshi. Ya durƙusa, ya miƙe, jini na bin gemunsa, ya sake nuna musu tafukansa. Suka laluba shi suna tambayar ina wuƙar, ba su samu ko reza ba, kuma rashin samun ya ƙara harzuƙa su. Wani ya sauke masa ƙarfe a hannu. Ni ɗan mahauci ne, na san ƙarar karyewar ƙashi, ba sai an gaya mini ba. Adda ta biyo baya a kafaɗa, ya faɗi, suka rufe shi da duka da ƙafa da kulki. Wasu suka shiga turke suna sarar shanu a agara, shanu na kururuwa suna faɗuwa a kan gwiwa, wani sa ya tsinke igiya ya soki ɗaya daga cikin masu saran a cinya ya yi waje. Aka cinna wa rumfuna wuta.

Ni kuwa ga wuƙa ashirin a ƙarƙashin hannuna. Ban san lokacin da na fara kwance igiyar ba. Mama ta faɗa kan ƙirgin da dukan jikinta, na ture ta, ta kama hannuna ta gartsa mini cizo har haƙoranta suka haɗu da ƙashi, tana cewa ta cikin haƙora, "Papa ya ce kada ka kwance!" Tabon yana nan a bayan hannuna na dama. 'Yan sanda ba su zo ba sai da aka gama aka watse. Na fito na sami Baba a bakin kwatamin da jinin shanu ke bi, nasa ma nan yake bi. Yana numfashi. A kan ƙyauren ƙofa muka ɗauke shi zuwa gida, ya kai har azahar. Ya buɗe ido ya ce, "An taɓa unguwa?" Aka ce a'a. Ya ce, "Wani namu ya zare wuƙa?" Aka ce ko ɗaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To, ƙarya suka yi." Na sunkuya na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya dube ni, leɓensa ya motsa, liman ya fara laƙƙana masa kalmar shahada. Har yau ban san abin da leɓen nan ya ce ba.

Jaridar washegari cewa ta yi rikici ya ɓarke tsakanin ɓangarori biyu masu ɗauke da makamai. Bayan sadakar uku na sami Ticha a ofishinsu. Ya miƙe, ya ce shi hoto kawai ya kai, rubutun ƙasa na edita ne, edita kuma abin da masu jarida ke so yake yi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Siyasa ce, ba da kai ake ba." Jin wannan kalma ta aji sai idona ya rufe, na kai masa naushi a baki, haƙorinsa ya faɗo kan tebur. Masu gadi suka yi mini lilis suka jefo ni titi. Ba a taɓa buga gyara ba. Kada kuma mutanenmu su ce su ne na kirki. Bayan mako guda tamu ta Arewa ta iso da hoton nan dai na Baba, ta ce an ƙone masallacinmu ƙurmus, an yi wa limaminmu yankan rago, gawarwaki sun cika titi. A ƙofar masallacin na karanta ta, wannan karon ban rage ko wasali ba, liman na zaune a gabana. Ya ce, "Inna lillahi, ashe na rasu ban sani ba." Ba wanda ya iya dariya. Ba a yi wata ba ɗan Mama, kafinta ne a wani gari a Arewa, ya sauka daga jirgi da ido ɗaya, waɗanda suka karanta waccan jaridar sun rama a kansa. Duk da haka ta ci gaba da zuwa kwata da daronta. Daga ranar ban sake karanta wa kowa jarida ba.

Abin da ya biyo baya cikin 'yan shekaru, wanda ya fi wannan muni ya kore mu duka kafin mu dawo, ba zan taɓo shi ba. Kwatar ma babu ita, shagunan kayan gyaran mota ne a wurin. Na sa 'ya'yana da jikokina a boko, ba yadda zan yi, amma ina sauraron abin da suke dawowa da shi. Yaro bai iya wanke wandonsa ba, an riga an gaya masa su wane ne mutanen kirki a ƙasar nan, su wane ne 'yan baya, kuma duk abin da kakansa ya riƙe tsohon yayi ne. In ka ce masa wa ya faɗa, sai ya nuna maka waya. A da Ticha ɗaya ne a gari da akwati a wuya, yanzu kowa da nasa a aljihu, kuma ba mai shimfiɗa wa labari buzu ya tambaye shi ɗan wa ne.

Duk wannan na ba amaryata labarinsa, tana zaune a ƙasa da takardar a cinya, wasa ya fita daga fuskarta. Ta tambaye ni ina rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Na ce ranar da na kwance ƙirgin na mayar wa kowa da wuƙarsa, da barhon Baba na yanke shi. Ta ciro wayarta ta ce, "Alhaji, bari in ɗauka in sa, in rubuta ainihin abin da ya faru. Duniya ta san gaskiya." Na ce, "Ke da kika fara ganinsa ɗazu, me kika ce?" Ta mayar da wayar. Wannan ne kaɗai hoton Baba a duniya. Babbar rigar da ya so sawa, wani ƙanensa aka ba.

Can ta ce, "Da gaske dariya yake yi?" Na ce ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta dubi gefen idonsa. Ta je ta tsaya ta daɗe, tana karkata shi nan da can. Ta dawo idonta ya kawo ruwa ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ni dai ban ga dariyar ba."

Ban ga laifinta ba. Makaɗin ya mutu, Mama ta mutu, samarin da ke bayansa duk sun tafi, ni kaɗai na rage da na ji dariyar nan da kunnena. Na karɓi takardar na mayar da ita adaka, na ce mata ranar da aka kai ni makwancina, kafin a share makoki, ta ɗauko ta da hannunta ta sa a murhu.